Idan Kalar Hoto Ta Ƙi Fita Daidai a Takarda Mai Sheƙi: Yadda Ake Bin Sawun Matsalar

Duk mai buga hoto a Jos, ko a layin Ahmadu Bello Way shagonsa yake, ko wajen Terminus, ko kusa da jami'a a Bauchi Road, ya san ƙorafin kwastoma guda uku: hoto ya yi duhu, fuska ta yi ja, ko kuma kalar anko ta sauya. Shuɗin leshin da dangin amarya suka zaɓa sai ya fito shunayya, Hajiya ta ɗaga hoton ta ce, "Malam, wannan ai ba kalar kayanmu ba ce." Kuma tana da gaskiya. Kuɗi ta biya don ta ga ranar bikin yadda take, ba kusa da yadda take ba.

Abin da nake yawan gani yana ɓata wa masu sana'ar takarda da tawada shi ne garaje. Da zarar hoto ya fito da ja, sai a ruga cikin saiti a rage majenta (tawada mai ruwan hoda), a ƙara haske, a canza takarda, a wanke kan firinta, duk a lokaci guda. Ko an dace hoton ya gyaru, ba a san me ya gyara shi ba, gobe kuma a koma gidan jiya. Dokar wannan aiki ɗaya ce: abu ɗaya za ka taɓa, ka buga, ka duba, sannan ka matsa gaba. Kuma akwai jerin da ya kamata a bi. Daga firinta ake farawa, a zo takarda, a zo saiti, sannan fayil da allon kwamfuta. Jan sandunan gyaran launi shi ne na ƙarshe.

Ka fara haɗa hoton gwaji

Kafin komai, ka haɗa hoto guda wanda da shi kaɗai za ka riƙa gwaji. Ka sa fuskar mai duhun fata da ta mai hasken fata, farar shadda mai aiki a wuya, atamfa mai ja da kore, shuɗi mai ƙarfi, sannan a ƙasa ka jera akwatuna kamar goma na ruwan toka, daga fari fat zuwa baƙi ƙirin. Waɗannan akwatunan su ne alƙalai. Ido yana yafe wa ja da kore idan sun ɗan kauce, amma ruwan toka da ya ɗauki ɗan kore ko ɗan ruwan hoda nan take ake gane shi.

Ba sai ka ƙona takardar A4 guda a kowane gwaji ba. Ka yanka ta huɗu, kowane yanki ya kusa girman 4x6. A bayan kowane gwaji ka rubuta kwanan wata, sunan takarda da saitin da ka yi amfani da shi. Bayan gwaji na biyar ba za ka iya tuna wanne ne wanne ba.

Mataki na farko: shin kowace tawada tana fita?

A manhajar firinta, ƙarƙashin Maintenance, akwai Nozzle Check. Ka buga shi a farar takarda ta yau da kullum, ka kai shi bakin ƙofa ka duba da kyau. Kowace kala tana da layukanta, kuma ko giɓi ɗaya bai kamata a samu ba. Ka fi sa ido kan yalo, domin a farar takarda da ƙyar ake ganinsa, ana iya rasa rabinsa ba a lura ba.

Launin da ya mamaye hoto shi ke nuna maka tawadar da ta gaza. Idan siyan (tawada mai shuɗin sararin sama) ba ya fita sosai, hoto zai yi ja. Idan majenta ce ta toshe, zai yi kore, fuskoki su yi kamar na marasa lafiya. Idan yalo ne, zai yi shuɗi, fata ta rasa ɗuminta. Wato launin da kake gani ya yi yawa, sau da yawa ba shi ne ya ƙaru ba, abokin hamayyarsa ne ya ragu. Wanda bai san haka ba sai ya je yana rage majenta alhali siyan ne ke neman wanki.

Firintoci masu tawada shida, irin Epson L805 da L1800 da suka cika shagunan hoto, suna da ƙarin siyan mai haske da majenta mai haske. Waɗannan biyun su ke riƙe da fuska da sararin sama da duk wurin da launi yake da laushi. Idan ɗayansu ya toshe, jan atamfa zai fito lafiya lau, amma goshi da kumatu su lalace. Ka kuma tabbatar ba a zuba siyan mai duhu a tankin mai haske ba. Yana faruwa idan yaron shago ya cika tanki cikin sauri ko cikin duhu, kuma babu saitin da zai gyara wannan, sai an zuƙe tawadar an sake.

Idan ka ga giɓi, ka yi Head Cleaning sau ɗaya, ka sake bugawa. Kar ka wuce sau uku a jere. Epson da kansu suna cewa, a yawancin firintocinsu na tanki, bayan wanki uku a bar ta aƙalla awa 12 ba tare da bugu ba, domin kumfar iska da ke cikin bututu ta kwanta, busasshiyar tawada kuma ta jiƙa. Power Cleaning kuwa yana shan tawada da yawa, yana kuma saurin cika soson da ke tsotse tawadar da aka zubar, don haka sai an rasa yadda za a yi.

Yanayin Jos yana da hannu a nan. Da hunturu, daga Disamba zuwa Janairu, iska ta bushe ga ƙura, tawadar da ke bakin ramukan kan firinta tana saurin ƙafewa. Yawancin waɗannan firintoci an ƙera su ne don aiki tsakanin digiri 10 zuwa 35, da laima tsakanin kashi 20 zuwa 80 cikin ɗari, kuma sanyin asubar Jos a wannan lokaci yakan kusanci digiri 10 ɗin. Ka rufe ta da ƙyalle idan ba a aiki, kuma ko babu kwastoma ka buga ƙaramin abu mai kala duk bayan kwana biyu ko uku. Sai batun wuta. Idan an ɗauke ta ana tsakiyar bugu, kan firinta yakan tsaya a tsakiya bai koma mazauninsa ya rufu ba. Da zarar an dawo da ita ko an tayar da janareta, ka kunna firintar ta mayar da shi. Kuma kullum da maɓallinta za ka kashe ta, ba daga soket ba.

Tawada da takarda

Tawada iri biyu ce: ta rini, wadda ke narkewa ta shiga fuskar takarda, da ta gari, wadda ƙwayoyinta ke zama a sama. Ta rini ta fi ba da sheƙi da kaifin launi a takarda mai sheƙi, ta gari ta fi jure rana da ruwa. Haɗa su a tanki ɗaya yana kawo toshewa. Wasu firintocin Canon masu tanki huɗu baƙinsu na gari ne, don rubutu aka yi shi, shi ya sa idan ka zaɓi takardar hoto suke haɗa baƙi daga sauran kaloli uku. Baƙin yakan fito da ɗan ruwan ƙasa ko shuɗi-shuɗi. Wannan iyakar injin ce, ba lalacewa ba.

Na san tawadar kamfani tana da tsada, kuma ba zan ce kowa sai ya saye ta ba. Amma duk saitin da ke cikin manhajar firinta an auna shi ne da tawadar kamfanin da takardarsa. Ranar da ka zuba wata, ka shiga wani lissafi dabam. Idan za ka yi amfani da ta kasuwa, ka tsaya kan iri ɗaya daga hannun mai sayarwa ɗaya. Mai sauya tawada duk wata ba zai taɓa samun launi tsayayye ba, domin a kullum tankinsa gauraye ne na tsohuwa da sabuwa.

Takarda mai sheƙi ma ba ɗaya ba ce. Akwai mai araha, wadda bayanta takarda ce zalla, galibi giram 180 zuwa 230. Tana shan tawada ta yi laushi, baƙinta ba ya zurfi. Akwai kuma mai rufin roba gaba da baya, wadda ake rubuta RC a jikin fakitinta, yawanci giram 240 zuwa 260. Ita ce mai kama da hoton situdiyo, tana bushewa da wuri, launi kuma yana zama a kanta da kyau. Ka ɗora takardu biyu na kamfani dabam-dabam gefe da gefe, za ka ga farinsu ba ɗaya ba ne: wata tana ɗaukar shuɗi saboda sinadarin ƙara haske da aka sa mata, wata tana ɗaukar ruwan madara. Firinta ba ta da farar tawada. Duk farin da ke hoto, har da bayan hoton fasfo da farar malum-malum, farin takardar ne. Idan takardar shuɗi-shuɗi ce, haka farin zai fito.

Da damina, musamman Yuli da Agusta da ruwa ba ya ɗagawa a Filato, takarda tana shan laima ta lanƙwashe, tawada ta daɗe ba ta bushe ba. Ka bar ta cikin ledarta a rufe, a kwance, ka riƙa zaro iya wadda za ka buga. Kuma a gefe ake riƙe ta, maiƙon yatsa yana hana tawada kamawa.

Saitin takarda, inda yawancin matsalar take

Firinta ba ta ganin takardar da ka sa mata. Abin da ka zaɓa a Paper Type ko Media Type shi take bi wajen yanke yawan tawadar da za ta fesa da yadda za ta gauraya ta. Ka sa takarda mai sheƙi ka bar saitin a Plain Paper, hoto zai fito a kwance, ba armashi, da layi-layi. Ka zaɓi saitin da ke zuba tawada da yawa a kan takarda mai araha, wuraren duhu za su taru su yi tabo, gashi da baƙar hula su zama dunƙule guda.

Idan takardar ta kamfanin firintar ce, sunanta yana cikin jerin. Idan ba tasu ba ce, ka duba bayan fakiti, wasu suna rubuta saitin da ya dace. In babu, ka buga hoton gwajinka da saiti uku, misali a Epson: Photo Paper Glossy, Premium Glossy da Ultra Glossy. Ka zaɓi wanda akwatunan tokarsa suka fi zama toka tsantsa, wanda kuma kake iya bambance akwatuna biyu na ƙarshe masu duhu. Ka sa inganci a High, ka cire alamar High Speed. Zai ɗan ƙara lokaci, amma fuska za ta fi santsi.

Wa ke riƙe da ragamar launi?

Nan ne ya kamata ka nutsu. Allon kwamfuta yana haɗa launi da hasken ja, kore da shuɗi. Firinta tana haɗa shi da tawada a kan takarda. Dole wani ya fassara daga wannan zuwa wancan, kuma masu iya fassarar biyu ne: manhajar da ka buɗe hoton da ita, ko manhajar firinta. Ɗaya kawai ake so. Idan dukkansu suka yi, hoto yakan fito yana ɗaukar majenta. Idan babu wanda ya yi, yakan fito da duhu mai ɗaukar kore.

Hanya mafi sauƙi ita ce ka bar wa firinta. A Photoshop, wajen Color Handling ka zaɓi Printer Manages Colors. A manhajar firinta ka bar gyaran launi a kunne, yanayin launi a sRGB (tsarin launin da yawancin wayoyi da kyamarori suke bi), amma ka kashe gyaran kai-tsaye irin PhotoEnhance. Wannan yana duba kowane hoto ya yanke masa hukunci shi kaɗai, shi ya sa hotuna biyu na biki ɗaya, kaya ɗaya, suke fitowa da kala biyu.

Hanya ta biyu ta fi daidaito, amma sai kana da furofayil na ICC. Ƙaramin fayil ne da ke bayyana yadda wannan firinta, da wannan tawada, a kan wannan takarda, take fitar da launi. Wasu suna zuwa tare da manhajar firinta, manyan kamfanonin takarda kuma suna sa nasu a shafukansu na intanet. A Windows, ka danna fayil ɗin da maɓallin dama ka zaɓi Install Profile. Sai ka zaɓi Photoshop Manages Colors, ka ɗauko furofayil ɗin takardarka, ka sa alama a Black Point Compensation. Wajen Rendering Intent ka gwada Perceptual da Relative Colorimetric. Na farko ya fi dacewa da hoto mai kaloli masu ƙarfi irin na anko, na biyu ya fi riƙe launin fata yadda yake. Sannan, kuma wannan shi ake mantawa, ka shiga manhajar firinta ka kashe nata gyaran. A Epson sunansa No Color Adjustment, a wasu yana ƙarƙashin More Options, a wasu ƙarƙashin Advanced. A Canon ka shiga gyaran launi na hannu, wajen Matching ka zaɓi None.

Furofayil ɗin da aka yi don tawadar kamfani ba zai yi daidai da tawadar kasuwa ba. Zai iya kusantowa, zai iya kuma nisantawa. Gwaji ne zai raba gardama.

Ga wata matsala da ta shafi shagunanmu musamman. Yawancinmu a CorelDRAW muke jera hotuna, shi kuwa sabon shafi yakan buɗe ne a tsarin CMYK, wanda na injin buga kalanda da fosta ne. Da zarar an mayar da hoto CMYK, shuɗi mai ƙarfi da kore shar sun riga sun mutu tun kafin su isa firinta. Firintar tebur, duk da tawadarta siyan da majenta da yalo ce, RGB, wato tsarin ja, kore da shuɗi irin na allo, take son a ba ta, ita za ta yi nata lissafin. Ka buɗe shafi a RGB, kuma wajen bugu, a ɓangaren Color, ka tabbatar fitar launi tana kan RGB. Shuɗin da ke komawa shunayya, sau tari nan ne asalinsa.

Fayil ɗin da aka kawo maka

Tsarin sRGB, wanda HP da Microsoft suka fitar a 1996, shi ne mafi yawan wayoyi da kyamarori suke bi. Wasu masu ɗaukar hoto suna saita kyamararsu a Adobe RGB, wanda ya fi faɗi. Idan aka buga irin wannan da manhajar da ba ta gane shi ba, hoto zai fito a dusashe, fata ta yi toka-toka. Maganin shi ne Convert to Profile zuwa sRGB a Photoshop. Kar ka yi Assign, wannan suna kawai yake canzawa, launin kuma ya gurɓace.

Hoton da aka turo ta WhatsApp an riga an matse shi. Ka roƙi kwastoma ya turo shi a matsayin Document, ko ya kawo waya a ɗauka da kebul. Don 4x6 mai kyau kana buƙatar kusan fiksel 1200 da 1800. Wayoyi da yawa kuma suna haskaka fata da goge ta tun wajen ɗauka. Abin da ya ɓace a nan firinta ba za ta dawo da shi ba.

Allon da kake dubawa

Idan ƙorafin "hoto ya yi duhu" ne, ni allon nake fara zargi. Ana sayar da su a buɗe da haske mai yawa, kai kuma ka gyara hoto a kai har ya yi maka daidai, alhali a gaskiya yana da duhu. Takarda ba ta da fitila a bayanta. Masu aikin hoto suna saita hasken allo tsakanin kandela (ma'aunin ƙarfin haske) 80 zuwa 120, farinsa a 6500K, gama 2.2. Na'urar aunawa irin Spyder ko Calibrite ce ke yin wannan daidai. In ba ka da ita, ka buɗe farin shafi a allo, ka riƙe farar takardar hoto kusa da shi a cikin hasken shagonka, ka yi ta rage hasken allon har su kusa zama ɗaya. Za ka ga ya yi maka duhu a ranar farko, ido zai saba. Ka kashe Night Light. Ka rubuta dccw a wurin bincike na Windows, zai buɗe maka ɗan tsarin daidaita allo da ido.

Allon laftof mai araha yana canza haske da launi da zarar ka ɗaga kai ko ka sunkuya. Idan sana'ar nan ce abincinka, allo irin IPS, wanda launinsa ba ya saurin canzawa idan ka sauya wajen kallo, ya fi sabuwar firinta muhimmanci. Wayar kwastoma kuwa ba ma'auni ba ce, domin yawancinsu an saita su ne su ƙara wa launi ƙarfi. Idan yana gwada hoton da wayarsa, ka nemi ya kawo ƙyallen kayan a gwada da shi.

A Photoshop, View, Proof Setup, Custom, ka zaɓi furofayil ɗin takardarka, allon zai kwaikwayi yadda hoton zai fito. Gamut Warning kuma zai rufe wuraren da tawadarka ba za ta iya kaiwa ba da ruwan toka. Akwai shuɗi da kore da ruwan hoda masu ƙyalli da babu firintar tanki da za ta fitar da su. Gara ka sani, ka faɗa wa mai hoto kafin ka buga.

Haske, bushewa, sai gyaran ƙarshe

Kar ka yanke hukunci kan hoto yana fitowa daga firinta. Tawadar rini tana sauya launi yayin da take bushewa. Ka ba shi aƙalla minti 15 zuwa 30 kafin ka duba, kwana guda kafin ka sa shi a albam, firam ko leda. Ka duba shi a bakin ƙofa, cikin inuwa, da rana. Ƙwan LED masu araha da fitilar caji suna sa komai ya yi shuɗi ko kore. Idan za ka iya, ka sa ƙwai guda mai 5000K da CRI (ma'aunin yadda ƙwai ke nuna ainihin launi) 90 ko sama a kan teburin da kake duba aiki.

Sai a yanzu, idan duk abin da ke sama ya daidaita amma akwatunan toka suna ɗan karkata gefe guda, za ka taɓa sandunan launi a manhajar firinta. Ja ya yi yawa, ka ƙara siyan. Kore ya yi yawa, ka ƙara majenta. Shuɗi ya yi yawa, ka ƙara yalo. Maki 2 ko 3 a lokaci guda, sanda ɗaya, ka buga, ka jira, ka duba. Idan ka ga sai ka kai 15 ko 20 kafin ya gyaru, akwai abin da ka tsallake a baya, ka koma Nozzle Check. Sandunan nan suna aiki ne kawai idan firinta ce ke riƙe da launi.

Da ka samu wanda ya yi, ka adana saitin da sunan takardar, domin yaron shago ya danna shi kai-tsaye ba sai ya laluba ba. Hoton gwajin da ya fito daidai ka sa shi a ambulan cikin durowa, nesa da rana. Duk lokacin da ka buɗe sabon fakitin takarda ko ka cika tanki, ka buga wani ka ɗora su gefe da gefe. Idan kana laminatin, ka yi gwajin da ledar a kai, domin mai zafi takan ƙara wa hoto duhu, kuma idan tawadar ba ta gama bushewa ba takan bar hazo a ƙarƙashin ledar. Ga takardar RC, leda mai sanyi ta fi aminci.